Kiwon kaji a gida: kwanci da renon ƴan tsaki



Duk garin da muka shiga allurar bisashe, in mun ƙare da shanu da awaki, sai mata su tare mu da tambaya guda: "Likita, kazata ta ƙyanƙyashe goma, biyu kaɗai suka girma. Mi ne maganin wannan?" To, amsar wannan tambaya ce za mu ba ku a nan.

Mu fara da lissafi. Kazar gida tana yin kwanci sau 3 ko 4 a shekara. A ce sau 3 ta yi, kowane kwanci ta fid da tsaki 8. In biyu-biyu suka rayu, kaji 6 ke nan a shekara. In shida-shida suka rayu, 18 ke nan. Mai kaji 5, ko dai ta samu 30 ko ta samu 90. Kaji iri guda, gida guda, amma bambancin ya isa a sayi akuya, a biya kuɗin magani, a yi wa yara kayan lakwal ba a taɓa rumbu ba. Kazar gida gwana ce wajen kwanci. Inda asara take shi ne kafin a sa ƙwai, da kuma sati 6 na farko bayan ƙyanƙyasa. Can ne hannunku ke da amfani.

1. Uwa da zakara

Ba kowace kaza ce za ku ba ƙwai ba. Ku zaɓi wadda ta taɓa reno kun ga tana fidda ɗiyanta, mai jiki, mai yawan gashi, marar ƙuma da kaska. Alamar kwanci na gaske ita ce kaza ta kwana biyu ko uku cikin gurbi ba ta tashi, in kun kai hannu ta kumbura tana saran ku. Wadda ke shiga tana fita, ku jira tukuna, za ta bar ƙwai ya huce.

Zakara guda ya isa kaji 10. In kaji sun fi haka yawa, ƙwai da yawa zai fito ba ɗa a ciki. Kada ku bar zakara ya daɗe yana hawan ɗiyansa da jikokinsa, tsakin na fitowa da rauni. Bayan shekara guda ko biyu ku sauya shi da na wani gida mai lafiyayyun kaji. Kuma a daina sayar da babban zakara ranar kasuwa a bar ƙanƙane a gida, don irin da kuka bari shi za ku girba.

2. Zaɓen ƙwai da ajiyarsa

Ku riƙa kwashe ƙwai kullum, ku bar guda cikin gurbi don kaza ta ci gaba da saka a nan. Wanda za ku ajiye don kwanci ya zama matsakaici, mai ƙwarin ɓawo, ba tsaga, ba ƙazanta. Ku fitar da ƙarami ƙwarai, da babba ƙwarai, da dogo siriri. Kada ku wanke ƙwai da ruwa. Ɓawon yana da ƴan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska, kuma akwai wani shafi a bisa wanda ke tare ƙwayoyin cuta. Wanki na cire shafin, ya tura ƙazanta ciki.

Ƙwan kwanci kada ya wuce kwana 7 a ajiye, iyaka 10 lokacin sanyi. Zafi shi ne babban abokin gabarsa. In ɗaki ya yi zafi, ɗan da ke ciki yana fara girma tun kaza ba ta hau ba, sa'an nan ya mutu. Wannan shi ya sa ƙwan bazara ke yawan zama baragurbi. Dabarar da na gani wurin wata tsohuwa a karkara, kuma na gwada na ga amfaninta, ita ce a samu kasko ko tukunyar ƙasa, a zuba rairayi mai ɗan danshi a ƙasa, a shimfiɗa tsumma busasshe, a jera ƙwai, tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye gindin randa. Ƙwai kada ya taɓa ruwa.

Ku sa wa kowane ƙwai alama da gawayi ko fensir. In wata kaza ta zo ta ƙara nata cikin gurbin, za ku gane shi ku cire, don ba za su ƙyanƙyashe rana guda ba.

Nawa za a sa? Ƙaramar kaza ƙwai 8, matsakaiciya 10, babba 12. Kwaɗayin sa 15 ko 18 asara ne. Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a yini, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya dawo tsakiya. In sun yi mata yawa, kowane sai ya samu rabonsa na sanyi, ƙarshe har waɗanda da za su fita su lalace.

3. Gurbi

Ku yi gurbi a wuri mai inuwa, mai ɗan duhu, inda yara da sauran kaji ba su damun ta, kuma inda ruwan sama ba ya kwanciya. Tsohuwar tukunya da aka fasa gefenta, ko kwando, ko bulo uku da aka jera, duk suna yi. Ku fara zuba toka a ƙasa, sa'an nan rairayi, sa'an nan busasshiyar ciyawa mai laushi, a yi tsakiyar da ɗan zurfi kamar ƙwarya don kada ƙwai ya gangara. Busasshen ganyen bedi cikin ciyawar yana taimakawa wajen korar ƙwari.

Ƙuma da kaska su ne ke korar kaza daga gurbi. Kaskar kaji da rana tana ɓoye cikin tsagar bango da ɓawon itace, da dare ta fito ta sha jini. Ku duba da fitila da dare. Ku liƙe tsagar bango da laka, ku ƙone tsohuwar ciyawa bayan kowane kwanci. Ku ajiye toka da rairayi kusa don kaza ta yi birgima. Kashedi: kada ku barbaɗa wa kaza ko gurbinta maganin ƙwarin gona ko na ajiyar wake. Guba ne gare ta, ga tsakinta, ga mai cin namanta. Akwai hodar da aka yi don kaji, ku tambaya a sarwis ɗin kiwo.

Lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, fatar cikin ƙwai na yin tauri, tsako ya kasa fasa ta. A satin ƙarshe ku ɗan yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da gurbin, ba bisa ƙwan ba.

4. Kwana 21 na kwanci

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Ku sa mata ƙwan da dare, lokacin ta fi natsuwa, ku riƙe ranar. Zafin da ke ƙarƙashinta kusan digiri 38 ne, kuma dole ya tsaya haka dare da rana. Takan tashi sau guda a yini, minti 15 zuwa 30, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta koma. In sai ta tafi bayan gari neman abinci, ƙwai zai huce, ita kuma ta rame. Don haka ku ajiye mata hatsi da ruwa taki biyu ko uku daga gurbin.

Tsakanin kwana na 7 da na 10 ku haska ƙwai. Da dare, cikin ɗaki mai duhu, ku naɗe kwali kamar mazurari, ku sa tocila ko fitilar salula a baya, ku ɗora ƙwai a bakin. Abu uku za ku gani. Ƙwai mai rai yana da jijiyoyi ja kamar saiwar itace, da ɗigo baƙi a tsakiya, wani lokaci har ku ga yana motsi. Wanda haske ya ratsa shi fes, babu ɗa a ciki. Wanda ke da zoben jini kewaye, ɗan ya fara ya mutu. Ku cire na biyu da na uku. In kun bar su, za su ruɓe, su fashe, su ɓata masu kyau. Ku yi aikin da hanzari, ku mayar da ƙwai tun da ɗuminsa. In rabin ƙwan ya fito fes ba ɗa, laifin ba na kaza ba ne: ku duba zakara, ko daɗewar ƙwan a ajiye.

Daga kwana na 18 kada a sake taɓa ƙwai. Lokacin ne tsako ke juyawa yana neman wurin fasawa.

5. Ranar ƙyanƙyasa

A kwana na 20 ko 21 za ku ji kuka ƙasa-ƙasa. Daga ƙaramar huda zuwa fitowar tsako yana iya ɗaukar rabin yini, har yini guda. Kada ku ɓare masa ɓawo. Ni kaina, farkon fitowata daga lakwal, na ga tsako ya huda ya tsaya, tausayi ya kama ni na ɓare masa. Jini ya zuba, kafin la'asar ya mutu. Dalili kuwa, jijiyoyin jinin da ke liƙe da fatar ƙwan ba su gama bushewa ba, kuma bai gama janye kwanduwa cikin cikinsa ba.

Wannan kwanduwar ita ce guzurinsa. Tana riƙe shi kwana biyu ko da bai ci komi ba. Saboda haka kada ku yi gaggawar fidda kaza daga gurbi don na farko ya fito. Ku bar ta har saura su fita, su bushe. Ƙwan da bai fashe ba bayan kwana 23, ku binne shi.

6. Sati 6 na farko

Hausawa sun ce kaza mai ɗiya ita ke gudun shirwa. Amma ita kaɗai ba ta iya tsare tsaki 10 daga shirwa, da shaho, da hankaka, da muzuru, da tunku, da maciji. In kun sake ta a rana ta biyu, za ta ja su cikin raɓa, ta kai su juji, masu rauni su gaji su ɓace. Maganin wannan shi ne kwando.

Ku sa a saƙa muku babban kwando na kara ko na geza, faɗinsa kamar mita guda, mai ƙananan ƙofofi da tsako ba ya fita, da buɗi a sama don sa ruwa da abinci. Sati na farko uwa da ɗiya su zauna ciki tare. Daga sati na biyu kuna iya sakin uwa da rana ta yi kiwo kusa, ɗiyan su zauna ciki, da marece a haɗa su. Kullum ku matsar da kwandon zuwa sabon wuri busasshe, cikin inuwa. Da dare a shigar da su ɗaki ko akurki mai ƙofa. Daga sati na 4 ku fara sakin su da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A sati na 6 gashi ya rufe su, sun san gudu, sun san ɓuya.

Ɗumi. Sabon tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa. Sati na farko yana son digiri 32 zuwa 35, sa'an nan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane sati. Ba ku bukatar awo, ku dube su kawai. In sun cure wuri guda suna kuka, sanyi ne. In sun watse suna haki, fukafukai a buɗe, zafi ne. In suna ci suna yawo, daidai ne. Daren sanyi ku rufe kwandon da buhu ko tabarma, ku bar kafar iska, ku shimfiɗa buntu ko busasshiyar ciyawa a ƙasa. Tsakin da uwarsu ta mutu, ku sa garwashi cikin ƴar tukunya mai marfi, a kafa ta yadda ba za ta faɗi ba, ɗakin kuma ya samu iska don hayaƙi na kashe su.

Ruwa. Ruwa shi ne farko, kafin abinci. Ku zuba cikin faranti marar zurfi, ku jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Tsakon da ya jiƙe da sanyin safe ba safai yake tashi ba. Ruwan da za ku iya sha shi za ku ba su. A wanke farantin kullum, a sake ruwa safe da marece.

Abinci. A nan mutane da yawa ke kuskure. Gero kaɗai ko dusa kaɗai na cika ciki, amma ba ya gina tsoka da gashi. Ga haɗin da za ku iya yi a gida, da gwangwani guda a matsayin ma'auni:
- ɓarzajjen gero, dawa ko masara: gwangwani 6
- dusa mai laushi: gwangwani 2
- dakakkiyar tunkuza ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji: gwangwani 2
- garin ƙashi da aka ƙone, ko ɓawon ƙwai da aka soya aka daka: cokali 2
- garin busasshen ganyen zogale: hannu guda

Tunkuzar da ta yi fumfuna kada ku ba su, gubar da ke cikinta na lalata hanta. Danyen wake ma bai da kyau, sai an soya shi an daka. In kuna kusa da masu kifi, garin busasshen kifi kaɗan yana ƙara ƙarfi. Kwana uku na farko, dafaffen ƙwai guda da aka murmushe ya isa tsaki 10 a yini. Ku ba su kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 a yini, kada abinci ya kwana ya yi tsami.

Gara kuwa nama ce ta kyauta. Ku cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, ku yayyafa ruwa, ku kife ta da marece inda gara ke bi, nesa da ɗaki da rumbu. Da safe ku ɗauko ku zazzage musu.

Tsaki 10 a tsare za su ci kimanin tiya 5 cikin sati 6. Wani zai ce da yawa. To ya kwatanta kuɗin tiya 5 da kuɗin kaji 4 ko 5 da ya tsirar, ya ga wanne ya fi.

Wata riba kuma: in kun raba uwa da ɗiyanta a sati na 6, kuka ciyar da ita da kyau, tana komawa ƙwai da wuri. In an bar ta, sai ta yi wata biyu ko fiye tana jan su.

7. Rigakafi

Duk wahalar nan na iya tafiya cikin sati guda in annobar kaji ta shigo. Cutar da muke kira Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gane ta a 1926. Kun san ta: kaza ta yi zugum, fukafukai sun sauka kamar ta yafa zane, zawo kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Tana iya share kajin gari. Ta fi tashi lokacin sanyi da iskar hunturu. Ba ta da magani. Kafson da ake saye a tebur, da barkono, da sauran abin da ake jiƙa musu, ba su kashe ƙwayar wannan cuta. Kuɗinku ne ke tafiya.

Rigakafi kaɗai ke tare ta. Akwai na allura. Akwai kuma na ɗigawa a ido, irin wanda ake kira I-2, ɗigo guda ga kowace kaza, babba ko tsako, ana maimaitawa kowane wata 4. Ku tambayi ma'aikacin kiwo ko mai allurar kaji na garinku wanda ke akwai, da lokacin da ya dace ga tsakinku. Abu huɗu ku riƙe. Rigakafi na ɗaukar kusan sati biyu kafin ya kama jiki, don haka a yi shi tun watan 10, kafin sanyi ya sauka. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Uwar da aka yi wa kafin ta yi ƙwai tana ba ɗiyanta kariya ta ƴan satuttukan farko, amma kariyar na ƙarewa, sai an yi musu nasu. Maganin da ya sha rana a kasuwa ya mutu, ku karɓi wanda ya fito daga sanyi kaɗai. Ku haɗa kai da maƙwabta a yi wa kajin unguwa duka rana guda, don kwalba guda ta kaji da yawa ce, kuma in an buɗe ta ba ta ajiyuwa.

Kazar da kuka sayo a kasuwa, ko aka ba ku kyauta, ku ware ta sati 2 kafin ta haɗu da naku. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefa juji. In kaji na mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ku yanka, kada ku kai kasuwa, ku hana yara taɓa su, ku sanar da sarwis ɗin kiwo nan take. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya a 2006, alamunta na kama da na wannan annoba, kuma ita tana iya kama mutum. Awo ne kaɗai ke raba su.

Sauran abin dubawa kullum: kashi mai jini, wanda ke zuwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙazanta, ƙuraje a fuska da ido, kashi da ya liƙe ya toshe bayan tsako, wanda za ku goge da tsumma da ruwan ɗumi. Tsakon da ya ware kansa yana gyangyaɗi, ku fitar da shi daga cikin ƴan uwansa, ku nemi shawara tun ranar.

8. Lokacin da ya fi dacewa

Bazara, daga watan 3 zuwa na 5, ƙwai na lalacewa da zafi: ku rage kwanci, ku ci ko ku sayar. Damina akwai ƙwari da ɗanyen haki, tsaki na girma da sauri in kun kare su daga ruwa da raɓa. Kaka akwai hatsi da dusa, amma sanyi da annoba na biye, sai da rigakafi da rufi.

Damina kuma ita ce lokacin ƙwan zabi, kuma kaza ta fi zabuwa iya reno. Shi ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi. In za ku haɗa shi da na kaza a gurbi guda, ku fara sa na zabi, bayan sati guda ku ƙara na kaza, sai su fita tare. Ɗiyan zabi sun fi na kaza tsoron sanyi da jiƙa, don haka kwando ya zama dole gare su.

Ba sai kun yi wa dukan kajinku a lokaci guda ba. Ku gwada da kaza guda a kwanci mai zuwa: sabon ƙwai 10, gurbi mai tsabta, kwando, haɗin abinci, rigakafi. Ku ƙidaya tsakin ranar da suka fito, ku sake ƙidayawa bayan sati 6, ku kwatanta da na kazar da aka saki. In mun zo zagaye ku gaya mana abin da kuka samu, mu kai wa wasu garuruwa.

Allah shi ba mu lafiya, shi albarkaci dukiyarmu.